Rasuwar Daɓen Kwando na Bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, Ba Hamoonga ("Ba" ɗin laƙabin girmamawa ne a wajenmu), mai kula da filin wasan jifan faifai cikin kwando na bayan cocin ƙauyenmu kusa da garin Choma, yana sanar da rasuwar daɓen simintin da ake tsayawa a kai a yi jifa zuwa kwando na bakwai. Guduma ce ta ƙarasa shi ranar Talata, bisa hukuncin 'yan ƙungiyar wasan.

Marigayin ya zo duniya da rani, bayan doguwar muhawara. Wasu sun ce a shimfiɗa roba, wasu tsakuwa, wasu bulo. Ba Hamoonga ya kafe a kan siminti, ya kwaɓa da hannunsa. Ranar zubi matarsa Choolwe, wadda duk gundumar babu mai jifa kamarta, ta miƙo masa tsintsiya.

"Baban Chipego, ja masa ita tun yana ɗanye, ƙafa ta samu abin kamawa."

"Ni in yi wa wannan sabon ɗan nawa zane a fuska? Mayar da abarki kicin."

Ya goge shi sumul. Duk Asabar kuma sai ya durƙusa ya shafa masa jan man goge daɓe, irin na barandar gida, har mutum ya ga haƙoransa a ciki. Marigayin bai taɓa tsagewa ba, bai taɓa ƙorafi ba. Iyakar maganarsa "ƙiii" a ƙarƙashin takalmi, Ba Hamoonga kuwa ya ɗauka godiya ce.

Ciwon ajali ya zo da ruwan farko. Choolwe ta taho a guje, ta dasa ƙafar dama, marigayin ya ce "suuu". Faifai ya tafi gonar masara, idon sawunta ya karye, gasar Lusaka da ta shekara tana shiri ta wuce ba ita. Tun daga ranar ba ta ce wa mijinta ko sannu ba. Shi ma ya san ba daɓen ne ya cancanci guduma ba, abin yana cin sa ƙwarai.

Ya rasu ya bar kwando ɗaya, 'yan'uwa takwas, wato daɓen sauran kwandunan, masu kaushin fuska, da rabin gwangwanin jan mai.

Za a binne gutsattsarinsa ranar Asabar da hantsi a kwazazzabon bakin hanya, a zuba sabon daɓe a gurbinsa. Akwai nshima, tuwon masararmu, da wake ga masu zaman makoki. An aika wa Choolwe har sau biyu, ba ta ce za ta zo ba. Ta dai aiko da tsintsiyar.