Kunnena a Hoton Ƙungiya

Shekara ashirin da barina jami'a, amma har yau in na ji ƙarar ƙwallon kwando a kan siminti, sai ƙirjina ya amsa. Shi ya sa da aka kira taron tsofaffin 'yan wasa, na ɗauko matata Hajara tun daga Gumel, don ta ga ko wane ne ta aura.

A bangon zauren an rataye hoton ƙungiyarmu. Na nuna mata wani dogon saurayi a tsakiya, rungume da kofi.

"Kin gan ni nan. Dubi kafaɗa! Allah sarki ƙuruciya."

Har ƙwalla na yi, ina shafa gilashin. Sai na ji gyaran murya a bayana. Lawan ne, kyaftin ɗinmu, mutumin Maigatari.

"Malam, ai ni kake wa kuka. Ga ka can a gefe."

Muka duba. Ashe mai hoto ya yanke ni, kunnena na dama kaɗai ya samu shiga.

Hajara ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ai kuwa kunnen ya yi ƙoƙari."

Yanzu ko waya Lawan ya bugo, gaisuwarsa ɗaya ce: "Ya iyali, ya kunnen ƙungiya?"