Ranar da Na Je Auna Surutun Mata

Shekarar farin da soja suka karɓi mulki, ina malamin lakwal, wato makarantar boko, na tsara bincike don in nuna cewa mata na jan labari, maza kuwa na taƙaitawa. Ban da shakka ko kaɗan. Na ari rakoda da kaset ɗaya tak, na taka cikin rana har unguwar Zongo, gidan Gwaggo Rabi wadda fari ya koro daga ƙauye.

Na kunna, na fara yi mata bayanin manufata. Ina tsakiyar magana kaset ya ƙare.

Ta ce, "Ɗana, ka gama? Shanunmu suka mutu, muka taho. Labarina ke nan."

Har yau, da na buɗe baki a gidan, sai wata ta ce, "Ku gyara zama, namiji zai taƙaita."