Wacce Ta Sauka?

"Ina gajiyar me? Mijin banza, ka kashe min waya kana tambayata gajiya?"

Kaka ce ke safa da marwa a falo, da aron wayar hannun maƙwabciya a kunne. Tun safe jikarta Auta ke naƙuda a wani gari, kuma lambar wayar teburin nan kaɗai mijin Auta ke da ita. Ga waya ta yi gum. Ɗan akwatin da ke haɗa ta da intanet sai ƙifta jar wuta yake. Mai laifin kuwa jikanta ne, Dogo, ma'aikacin kamfanin wayar, yana can ofis bai san wainar da ake toyawa ba.

"Tsohuwa, ba kashewa na yi ba. Sabuwar manhaja nake tura wa akwatin daga nan."

"Kana can kana shigo min ɗaki ba sallama? Maye!"

"Maye ya auri mayya. Ɗauke hannunki daga filogin nan."

Kaka ta janye hannu tana waiga taga. Wallahi saura ƙiris ta fizge shi.

"Da wane idon ka gan ni?"

"Na san halin matata. Kika cire yanzu, akwatin ya mutu murus."

"To ka sani kashe min ido yake. Ya fi ka iya zance."

"Ki aure shi, in huta da sayen man zafi."

"Ɗan nema! Ƙafafu kamar sandar sharar yana. Yi sauri!"

Ta zauna, ta miƙe, ta ɗaga kan wayar teburin, shiru. Can sai muryar Dogo: "Alhamdulillahi, ta sauka!"

Kaka ta rangaɗa guɗa har ɗankwali ya zame.

"Mace ko namiji?"

"Wa? Manhajar fa nake nufi."

Kaka ta zauna daɓas. Tsoro ya kama ta sosai, wasan ya fice mata daga rai.

"Dogo, Auta ce ke kan gwiwa. Kiran mijinta nake jira."

"Subhanallahi! Kaka, me ya hana ki faɗa? Akwatin zai mutu ya tashi da kansa, kar ki firgita."

Wutar ta ɗauke ɗif. Kaka ta kafa mata ido, bakinta na motsi. Sai ga koriya. Ko numfashi ba ta sauke ba wayar teburin ta ɗauki ƙara. Ta wawuro ta da ɗaya hannun, ta saurara, hawaye suka zubo.

"Dogo? Ta sauka."

"Wacce?"

"Tawa mana, wa ke ta taka! Namiji ne. Na samu sabon miji, kai ka zama tsohon yayi. Ni ma na sabunta daga nesa."

Dogo ya tuntsire da dariya.

"Na yarda, an cire ni daga layi. Amma ki gaya wa angon, man zafi ya koma wuyansa."