Yadda Na Je Binciken Sana'ar Nutso

Ba zan taɓa iya mantawa da wata safiyar Alhamis ba, duk da cewa na yi iyakar ƙoƙarina.

A lokacin, ɗana Abdulmajid ya samu aikin nutso a Yanbu, garin bakin teku, inda zai riƙa duba gindin jiragen ruwa. Na ce ban yarda ba. An ba shi zuwa ƙarshen wata ya ba da amsa, shi kuwa ya ce ba zai tafi ba sai da albarkata. Ni mutum ne da Turawan mishan suka horar a ƙasar Zazzau tun kafin in zo Madina, kuma an koya mana kada mu yanke hukunci a kan abin da ba mu bincika ba. Saboda haka na sanar da iyalina cewa zan gwada sana'ar da kaina.

Na karanta littafin koyon nutso sau biyu, ina jan layi da jan biro. Sannan ni da Abdulmajid muka tafi wani masbah, wato wurin ninƙaya, a unguwar Sultana, tare da maƙwabcina Alhaji Bukar, wanda na gayyata ya zama shaida.

Malamin, wani Bahaushen Sudan mai suna Kaftin Usman, ya miƙo mini takardar lafiya. A ciki an tambaya ko ina sa haƙoran roba. Na rubuta a'a. (Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sa su. Matata kaɗai ta sani. A majalisarmu ta unguwar Uhudu kuwa, da su nake kafa misali idan ina yi wa matasa faɗa a kan barin asuwaki.)

Aka goya mini tukunyar iska, aka ɗaura mini gilashin da ya rufe ido da hanci.

"Ya ammi," in ji Kaftin, wato kawu da Larabci, "ka ciji robar nan, ka shaƙa ta baki, ka fitar ta baki, shwayya-shwayya, sannu a hankali. Kada ka riƙe numfashi."

"Shafi na goma sha huɗu," na ce. "Na sani."

Sai dai a makarantarmu, duk yaron da aka kama yana numfashi da baki a buɗe, rula ce rabonsa. Shekara hamsin da ɗoriya hancina yana riƙe da wannan aiki, kuma bai ga dalilin ajiye shi ranar nan ba. Ina durƙusawa a ruwa na ja iska ta hanci. Gilashin ya manne mini a fuska. Na sake ja, babu komai. Na gartsa wa robar cizo, sannan na fizge ta da hannu biyu, na yunƙuro ina kalmar shahada, wadda ta fito a wata irin siffa da ban san ta ba.

Da na miƙe, ruwan bai kai ƙirjina ba.

Alhaji Bukar ya ƙura mini ido daga kujerarsa. "Malam Idirisu," ya ce, "ina sauran bakinka?"

Haƙoran suna can suna gangarawa a hankali zuwa ɓangare mai zurfi, na sama da na ƙasa, farare tas.

Abdulmajid ya saɓa tukunyarsa ya nutse. Na tsaya hannuna a baki ina kallon kumfar numfashinsa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya, a tsare, babu gaggawa. Na nemi kuskure, kamar yadda na saba, ban samu ba. Ya dawo ya danƙa mini su ta ƙarƙashin ruwa, idonsa a wani gefe.

"Tafaddal, ga su, ya Baba."

Na juya baya na mayar da su, domin ba a sa albarka da dasashi. Na ce, "Ka tafi Yanbu. Allah ya tsare."

"Ɗan ƙara faɗi mu ji," in ji Alhaji Bukar, "yanzu da ka cika."

Abin da na koya shi ne, idan ɗanka ya nemi izini a kan abin da ya fi ka sani, ka ba shi kana zaune a busasshiyar tabarma.