Rasuwar Na'urar Ndayako, Wadda Aka Kashe da Sukundireba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da bai huce ba, Ndayako ɗan Bida, ɗalibin ajin ƙarshe a fannin lantarki, yana sanar da rasuwar na'urarsa ta duba bugun zuciya. Ta cika ranar Talata a nan Minna, da safiyar da zai gabatar da ita gaban malamai ya kammala karatu.

Marigayiya ta zo duniya da lalura. Bugun da amfilifayarta, wato sashen ƙara masa ƙarfi, ke fitarwa yana hawa sama da sifili, ya kuma sauka ƙasa, ita kuwa konbatar da ke mayar da shi lambobi daga sifili zuwa bolt biyar na ƙarfin wuta kaɗai take gani. Rabin bugu ke fitowa, kamar hoton da aka yanke wa ƙafafu. Ndayako ya sha ƙunar dalma kafin ya ɗora mata ɗan sukuru, ya ɗaga mazaunin bugun zuwa tsakiya, biyu da rabi. Daga ranar ta warke sarai. Zuciyar farko da ta zana cikakkiya ita ce ta mahaifiyarsa, na'urar na cewa tit, tit, tit, tsohuwa na dariya.

Ba jinya ta yi ba, kashe ta aka yi. Edward, abokin aikinsa, wanda tun damina ba a ga ƙeyarsa ba, ya ɓullo da kwat da turare. Ya ga mitar auna wuta a biyu da rabi alhali ba a jona na'urar a jikin kowa ba, sai gwanin ya ce kuskure ne. Don a ce ya taɓuka wani abu, ya murɗa sukurun har ya wuce sifili. Wutar da ta yi ƙasa ta afka wa konbata. Tsit! Sai ƙauri. Wanda bai san gari ba ya raba fura!

Ta bar batura biyu, wayoyi uku marayu, da mai ita, wanda zai maimaita shekara guda cur. Ta kuma bar mahaifiyarsa da ankon bikin yaye ɗinkakke.

Za a binne ta gobe bayan la'asar, cikin kwalin biskit, a bayan ɗakin kwanan ɗalibai. An yafe wa Edward zuwa. Ana dai neman mai ƙarfin hali da zai raka Ndayako Bida, don har yanzu tsohuwa ba ta sani ba.