Ranar da Na Gudu da 'Yar Mutane

Ni da nake rubuta wa 'yata Rahma lambar jawwal ɗina, wato wayata, a hannu ko burodi za mu saya, ni ce na tafka wannan ɗanyen aiki.

Ranar bikin ƙasa aka ce jiragen yaƙi za su yi wasa a sama. Tun daga unguwarmu ta Anbariyya nake cika wa maigida baki: "Abu Rahma, yau za ka ga hoto. Har matuƙin sai na kamo."

Ashe jirgin nan yana riga ƙararsa wucewa. Duk inda na ji ƙara can nake ɗauka, sai sararin Allah. Na saki Rahma don in riƙe jawwal da hannu biyu. Kwatsam wani jirgin ya ɓullo ta bayanmu, kamar sama ta tsage. Na rafka salati, na suri 'yata, na zuba da gudu.

Sai a bakin mota na ji wata Balarabiya tana bi na da ihu, "Binti! Binti!" wai 'yarta. Na duba fuskar da ke ƙirjina. Koriyar rigar biki ce irin ta Rahma, amma wallahi ban taɓa ganin yarinyar nan ba. To ina tawa?

Tana can a wuyan babanta, tana ta tafa hannu.

Hotuna kuwa, babu ko fiffike. Har yau in jirgi ya gifta, sai maƙwabciyata ta leƙo ta taga: "Jama'a, ku tattara 'ya'yanku, Ummu Rahma tana gida!"