Shuni a Ranar Buɗar Kai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar buɗar kaina, duk da na roƙi Allah sau da yawa Ya mantar da ni. Shekaru kaɗan ne kafin a samu 'yancin kai, a tsakiyar zafin bazara, aka kai ni gidan miji daga Bebeji zuwa Kiru. Ina son auren, maigidan ma yana so. Matsalar kawai ita ce na yi makarantar 'yan mata a birni, kuma labari ya riga ni isa Kiru cewa 'yan boko ba sa jin maganar manya. Dangin miji suna jiran su ga irin wadda aka kawo musu.

Ni kuwa tun ina ƙarama ina da wata lalura. Duk lokacin da na yi zazzaɓi, ko na sha rana, ko na sa damuwa a rai, sai ƙuraje su feso mini a leɓe. Yana farawa da ɗan ƙaiƙayi da zugi, sai ƙananan ƙuraje masu ruwa su taru wuri ɗaya, su fashe, su yi ɓawo, su warke don kansu. A makaranta an koya mana cewa a bar su kawai, kada a tsokane su, kada kuma a sha ruwa a moɗa ɗaya da mai su. Na san wannan sarai (har na taɓa cin jarrabawa a kansa).

Ana sa ni a lalle na ji zugin nan ya fara. Ranar da za a yi buɗar kai, wato ranar da dangin ango mata za su taru a ɗage mayafi su ga fuskar amarya, leɓena na sama ya riga ya kumbura, ƙurajen sun yi jere kamar an shuka su.

Gwaggo Ladi, yayar babana da ta rako ni, ita ta fara leƙa ƙarƙashin mayafin da safe.

"Zazzaɓi ne ya feso miki. Miƙo bakin nan."

Ta lakato zuma ta dangwala mini. Wannan ba laifi, zuma tana sanyaya wurin. Tana fita sai ga Iya Tabawa, alwankar da ta yi mini wankan amarci, tsohuwa mai kirki wadda ta goya ni ina jaririya.

"'Yar nan, haka za ki fita gaban mutane? Ladi ba ta san magani ba. Shuni ne ke busar da shi kafin azahar."

Ta kwance bakin zanenta ta ɗauko ɗan curin shuni, ta jiƙa, ta goga mini a kan zumar. Na san bai kamata ba. Amma amarya ba ta magana, kuma ko da tana magana, da wane baki zan ce wa Iya Tabawa a'a? Can kuma wata maƙwabciya da ta zo barka ta ce garin bagaruwa shi ne uban duka, ta barbaɗa mini a kai. Ita ma na sunkuyar da kai na karɓa. (Madubina yana cikin akwati, an jera kwanuka a kansa. Da na gani da idona, wataƙila da na yi ƙarfin hali.)

Aka rufe ni da farin mayafi, aka zaunar da ni. Zafi ya yi zafi. Gumi yana tsiyaya, ga kuka, don ni kukana ba na al'ada ba ne kawai, da gaske nake yinsa. Duk lokacin da hawaye ya gangaro sai in kai hannu ta ciki in share da gefen mayafin, sama da ƙasa, hagu da dama. Ban san fenti nake yi ba.

Bayan azahar aka fito da ni tsakar gida, aka zaunar da ni a tabarma gaban surukata. Mata sun cika gidan har bakin rumbu. Wata dattijuwa ta yi bisimilla ta kama mayafin za ta ɗage, sai ya ƙi. Zuma ta bushe, ta manne shi da leɓena. Ta ɗauka noƙewa nake yi irin ta amare, ta ce, "Haba amarya, saki mana," ta ƙara ƙarfi.

Mayafin ya taso da ɓawon ƙurajen gaba ɗaya. Kalmar da na fara furtawa a gidan mijina, a gaban danginsa kaf, ita ce "wayyo".

Daga baya aka ba ni labarin abin da suka gani: shuɗi daga ƙasan idanuna har haɓa, gashin baki na garin bagaruwa, da ɗan jini a tsakiya. Delu, ƙanwar maigidan, ita ta fara samun bakin magana.

"Inna, daga makaranta aka ɗauko mana ita, ko daga karofin masu rini?"

Dariya ta ɓarke. Ni dai ina kallon tabarma ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Surukata ba ta yi dariya ba. Ta dubi mutanenmu ta ce, "Wa ya yi wa yarinyar nan haka?"

"Ni dai zuma kawai na sa mata," in ji Gwaggo Ladi.

"Ni ma ɗan shuni ne kawai," in ji Iya Tabawa.

Mai bagaruwa ta ce ita ma kaɗan ta barbaɗa.

Surukata ta jinjina kai. "Kowa ya zo da nasa, ita kuma ba ta iya ce wa kowa a'a ba. Ku bar mini ita haka nan."

Ta sa aka kawo ruwan ɗumi, ta wanke mini fuska da hannunta, ta shafa ɗan man kaɗanya a wurin, ta ce a ware mini moɗata har ya warke. Ƙurajen sun tafi a lokacin da suka saba tafiya. Shunin ne ya ɗan daɗe a gefen hancina, sunan 'Yar Karofi kuwa ya bi ni, har yau tsofaffin gidan ba su san ni da wani ba.

Yanzu in na ji zugin nan, zuma kaɗai nake sawa ko man kaɗanya, in ware moɗata, in hana kaina sumbatar jikoki. In kuma wata babba ta kawo mini nata maganin, hannu biyu nake sawa in karɓa, in yi mata addu'a, in jira ta fita, sannan in jefa shi cikin wani kwano a bayan gado. Kwanon ya kusa cika.